Muryar Sintiri Uku

22 ga Yuli, 2004

Yaya Veta,

Ina sumbatar hannunki. Da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kudan zumanki kuma suna lafiya. Zumar ta iso ta hannun direban bas. Da kunnenki yana jin waya da na huta da wannan rubutu, amma ya zan yi da ke.

Ranar Waliyyi Ilie, ranar bikin sunana, ta wuce lafiya. Na buɗe ƙofa tun hantsi kamar yadda aka saba, duk mai tuna sunana ya shigo. Grigore ya zo da abokanmu na sauraren rediyo, maƙwabta suka cika falo, har da Sorin, surukin matar bene na biyu, wanda yake rubutu a jarida. An cinye sarmale, naɗin kabeji da nama, tas, an tashi da kwalbar giyar tsuika da kika aiko bara.

'Yata Ilinka ba ta zo ba. Ranar sunanta ce ita ma, tamu ce mu biyu, wannan kuma shekara ta biyu ke nan da nake ajiye mata faranti ina ɗaukewa a bushe.

Amma na ji ta. Na san za ki taɓe baki, ki ce tsoho da wasan yara. Eriyar da na kafa a saman benenmu tana kamo mini oba-obar masu gadin filin jirgi sarai, kamar a ɗakin girkina suke magana. 'Yata ita ce Sintiri Uku, mai zagaya shingen waya da mota. Da safen ranar bikin tana bakin aiki. Na zauna a baranda da kofin gahawa ina jin ta: "Sintiri Uku, gefen arewa lafiya." Mura take yi, na ji a hancinta. In kin rubuta mata ki ce ta sha shayi da zuma, kada ki ce ni na ce.

Da yamma na ɗan sha fiye da ƙima, na yi surutu. Ba wani abu ba ne.

Ki gaishe mini da maƙwabtanki.

Ƙanenki,
Ilie

3 ga Agusta

Ilie,

Gaisuwa, tunda haka aka koya mana. Ƙafa tana nan yadda ka san ta.

Jiya Ilinka ta sauka daga bas da jaka ɗaya da jarida a hannu. An dakatar da ita daga aiki. Na sa tabarau na karanta: wai ƙofar yamma ta shingen filin jirgi ta yi makonni ba kwaɗo, da waya ake ɗaure ta, kuma wai wata mai gadi ce ta gaya wa mahaifinta. Mata nawa ne a sintirin? Ita kaɗai. Sun ce ta fitar da sirrin aiki, kwamiti zai zauna ranar sha tara ga wata. In suka kore ta, babu filin jirgin da zai sake ɗaukar ta a ƙasar nan.

Na ce, "'Yar nan, me kika gaya wa ubanki?" Ta ce, "Gwaggo, ko barka da asuba ban ce masa ba." Na buɗe baki zan yi maganar akwatin rediyon nan naka, ta ce, "Gwaggo, bar maganar." Ta tashi ta je tana ba kaji hatsi.

Ba ta cin abinci. Tuwon masara da cuku na sa mata a gaba, ta juya cokali ta ajiye.

Ni ban manta ranar da ka yi mata gori cewa ta watsar da karatun malanta don ta je tana lalube jakunkunan mutane ba. Yarinyar nan ta haɗiye, ta yi aiki har aka ɗauke ta daga jakunkuna aka ba ta mota. Yanzu kuma mene ne wannan? Wane surutu ne ka ce mini ba wani abu ba ne? Ka rubuto mini gaskiya, kada ka zagaya da ni. Ni na goya ka, na san ƙaryarka tun ba ka da haƙori.

Yayarka,
Veturia

8 ga Agusta

Yaya Veta,

Ina sumbatar hannunki, in har za ki miƙo shi.

Tun kafin takardarki ta iso na san akwai abin da ya faru. Ranar Litinin aka kira Sintiri Uku, sai na ji muryar wani ƙato ta amsa. Na ce ko hutu ta ɗauka. Talata ma shi ne. Sai ga Grigore da jarida, ya ajiye mini a kan tebur.

Ga yadda aka yi. Hira ta kai kan ma'aikatan zamani, ana cewa ba su san aiki ba, ni kuma tsuika ta hau mini kai. Na ce akwai wadda ta san aiki. Na ba su labarin ƙofar yamma, yadda kowace safiya 'yata take kai rahoto cewa kwaɗo ya lalace, ofis ya ce an ji, gobe ta sake faɗa. Alfahari nake yi da ita, Yaya, ba wani abu ba.

Sai Sorin ya ce, "Baba Ilie, kai ina ka san wannan?"

Mu masu saurare dokarmu biyu ce, tun zamanin da ake kama mutum a kan eriya. Abin da ka ji ba ka maimaita shi. In kuma bakinka ya suɓuce, ba ka taɓa cewa a rediyo ka ji, sai ka ce wani ne ya gaya maka. Ta farko na riga na karya. Grigore yana ta harara ta daga bakin taga, sai na kama ta biyu da hannu bibbiyu. Na ce, "'Yata ce ta gaya mini mana."

Da na ce direban tasi ne ya gaya mini, da shi ke nan. Amma ga farantinta nan a kan tebur kowa yana gani. Na so mutanen ɗakin su ɗauka 'yata tana zuwa tana hira da ni. Matar bene na biyu har ta ce, "Ashe kun shirya, madalla." Na gyaɗa kai. Daɗin da na ji a lokacin shi ne yake ci na yanzu.

Na gaya wa Grigore zan je gaban kwamiti. Ya ce, "Ka haukace ne, tsoho? Za su ƙwace akwatinka, su ci ka tara, sannan su sayo sabbin oba-oba masu kulle magana. Mu duka ka kashe mana kunne."

Na ce, "Aikin 'yata ne, Grigore."

Ya ce, "Ba su da hujja a kanta, za su gaji su bar ta. Kai kuma in ka je, ka daina jin ta ke nan har ka mutu. Tana ɗaukar wayarka ne?"

Ba ta ɗauka. Kin ga inda ya soke ni. Kunya ta hana ni ɓoye miki: kwana biyu na yi ina auna maganarsa, ina cewa ƙila ya yi gaskiya. Wane irin uba ne yake ɗora aikin 'yarsa a sikeli ɗaya da akwatin rediyo? Kuma in na je, za ta san shekara biyu ina laɓe a bayan shinge ina sauraren ta kamar ɓarawo. Da wane ido zan dube ta?

Ki gaya mini abin da zan yi.

Ƙanenki,
Ilie

12 ga Agusta

Ilie,

Ka san abin da za ka yi, so kake in ce maka kada ka yi. Ba zan ce ba.

Ka goge kwat ɗin da ka sa ranar jana'izar uwarta, ka aske gemu, ka ɗauki akwatin ka je. Grigore kuwa ka ce ina gaishe shi, in kunnensa yana ƙaiƙayi ya zo ya saurari kudan zumana, ba sa kulle magana.

Ban nuna wa Ilinka takardarka ba. Ba aikina ba ne in ba da haƙuri a madadinka.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa.

Veturia

6 ga Satumba

Yaya Veta,

Ina sumbatar hannunki. Ki yafe jinkirin, hannuna ne ya ƙi biro.

Na je. Ɗaki ne ƙarami a bayan ofishin kwastan, mutum uku a bayan tebur, Ilinka a gefe da kayan gida. Ta rame. Ban taɓa ganin wannan askin gashin nata ba.

Na faɗi sunana, na ce ƙarya na yi wa ɗan jarida, 'yata ba ta gaya mini komai ba. Shugaban, wani mai sanƙo, ya yi murmushi ya ce, "Baba, kowane uba haka zai ce." Sai na ciro akwatin daga jakar cefane, na zaro 'yar eriyarsa, na kunna. Muryar mai gadin ƙofar kaya ta cika ɗakin, yana neman a turo masa wanda zai karɓe shi ya je ya ci abinci. A daidai lokacin maganar tana fita daga oba-obar da ke ƙugun mai sanƙon. Murmushin ya tafi.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun watan da aka ba ta mota."

"Don me?"

Na yi niyyar in ce sha'awa ce, mu tsofaffin masu gyaran wuta haka muke. Abin da ya fito shi ne, "Don in ji ko tana lafiya." A gaban baƙi, Yaya. Ban iya juyawa na dube ta ba, ita ma ban ji ta motsa ba. Da aka tashi ta fita ta wata ƙofar.

Sun riƙe akwatin, 'yan sanda kuma sun kira ni sau biyu, maganar tara tana gaba. Wannan bai dame ni ba. An sa wa ƙofar yamma sabon kwaɗo, daga saman bene ina hango shi yana ƙyalli. Grigore ya daina gaishe ni. Jiya na haɗu da shi a layin burodi, ya ce wa mai sayarwa, "Ba wa mai gaskiya nasa tukuna." Ta bakin wani na ji cewa sabbin oba-obar sun iso, in ka kama tashar yanzu sai wata ƙara kamar ana soya albasa.

Har yau ba wanda ya gaya mini hukuncin kwamiti. Da can da na sani kafin ita kanta ta sani. Yanzu da safe ina fita baranda da gahawa don sabo, in zauna ina kallon motar sintiri tana wucewa can nesa, ban san wa ke ciki ba. In ta rasa aikin nan, ni na raba ta da shi, da bakina, a ranar sunanta. Ina so in rubuta mata, na fara sau da yawa, daga "'Yata" ba na iya wucewa.

Gobe zan hau in kwance eriyar. Ba ta da sauran amfani.

In kin ji wani abu, ki taimaka ki sanar da ni ko da layi ɗaya ne.

Ƙanenki,
Ilie

15 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka. Gwaggo ta ce kana jiran labari.

Ba su kore ni ba. Sun karɓe motar, sun mayar da ni teburin jakunkuna. Sun ce mai uba irinka ba ta dace da shinge ba.

Eriyarka ana hango ta daga kwanar arewa. Tun makon da ka kafa ta na gan ta, kuma na san hannunka a ɗaurin waya. Ranar sunanmu hutuna ne, ni na roƙa a ba ni aikin safe don ka ji muryata. Da na gaya wa kwamiti maganar eriyarka tun ranar farko da ban kwana a dakace ba. Na yi shiru ne in ga ko za ka zo da ƙafarka.

Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Amma daga ƙofarka zuwa tawa bas ɗaya ne, kuma tun da ma bas ɗaya ne. Ranar Lahadi ina gida. Ka taho da zumar Gwaggo, murar ba ta sake ni ba. Shekara biyu kana ji na. Wannan karon kai za ka yi magana, ni in saurara.

'Yarka,
Ilinka