Wayar da ka aiko wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Sagiru, da fatan kana lafiya, kai da Anti Ramlat da jaririnmu Haisam, ya ruwan Fatakwal? Allah Ya ƙara lafiya da buɗi, Ya raya mana yaro. Mu nan Safana lafiya lau, gero ya fara fitar da kai. Na san za ka ce yau Hassana sarkin cat a waya ce da wasiƙa? To saƙon murya goma na tura maka ba ka buɗe ba, kuma ka san dalili.

Yaya, sau nawa na faɗa maka ka sayo wa Inna waya mai babbar fuska, ko da mai araha ce? Ka aiko wata 'yar mitsitsiya, wai ita manya ke yayi, ta fi shiga aljihu. Inna tana da aljihu ne? Ka san idonta. Ranar da ka turo hoton suna ta kai wayar har bakin hancinta, ta daɗe tana kallo, sai ta ɗora yatsa kan filon da aka kwantar da Haisam a kai ta ce masha Allah, goshin babanku ne sak. Wallahi fita na yi na ba kaji ruwa don kar ta ga fuskata. In na ja mata hoton ya girma, kunne kaɗai ke cika wayar, ko hanci. Haka take ganin jikanta, gutsure-gutsure. Tawa wayar kuma ka sani, tun da ta faɗi baƙi ya cinye rabin gilashin.

Ranar kasuwa na hau mashin har Batsari wajen Armaya'u mai wayoyi, in musanya ta. Ya juya ta, ya yarda mai tsada ce, amma ya ce zai shekara bai sayar ba. Wai mutanenmu da tafin hannu suke auna waya, in ba ta cika hannu ba ko kuɗinta ba sa tambaya. A gabana wani ya ɗauki wata kamar faranti, ko sunanta bai duba ba. Ita na roƙa a ba ni a madadin taka, aka hana.

Abin da ban faɗa maka ba, mun koma asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma tafiya yake. Don haka babbar wayar ma na daina roƙo. Ka ɗauko Haisam ka kawo mata kafin girbi, ta gan shi gaba ɗayansa.

Kawu Ya'u da Gwaggo Rabi suna gaishe ku. Inna ma na gaisuwa, ta ce in gaya maka waya ta yi kyau, tana ganin yaron tar.

Ƙanwarka,
Hassana