Abin da Na Cire a Kwamfutar Walid

Garwa, 3 ga watan Rajab

Zuwa ga bawana Walid ɗan Goggo Halime,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya karatu, yaya mutanen Maruwa? Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ka, ya ce tun da ka tafi tsire yake kwana a faranti.

Ka toshe lambata, shi ya sa na koma ga alƙalami da ajami. Na san kana iya karantawa, gaban malam ɗaya muka sha bulala.

Ka bari in faɗi yadda aka yi. Ranar da za ka koma, ka bar kwamfutarka a ɗakina ka tafi sallama da mutane. Ni kuwa ka san ni, tun muna yara nake ɓoye maka takalmi sai ka durƙusa ka ce mini ranka ya daɗe. Sai na ce bari in ɓoye manhajar da kake rubuta memuwar ɗinka da ita, wato kundin kammala karatunka, ka isa Maruwa ka neme ta ka rasa, ka kira ni ka roƙa. Na sha ganin yadda kake buɗe baƙar tagar nan kana cire abu. Kalmar sirri kuwa, duk unguwa wa bai san sunan budurwarka Fauziya ba?

Na buga. Sai rubutun Faransanci ya zubo, layi kan layi. Ni da allo kawai na yi, me na sani? Na ga tana tambaya, na danna O kamar yadda kake dannawa, na rufe na sa maka a jaka ina dariya.

Goggo ce ta gaya mini sauran. Wai ka buɗe ta gaban malamanka ranar da za ka nuna aikinka, ba komai sai baƙin allo, aka ɗage ka sai zagaye na gaba. Wallahi na ɗauka kamar takalmi ne, a ɓoye a dawo da shi.

Ka yi haƙuri ka rubuto, ko zagi ne.

Ubangidanka,
Salim

Garwa, 25 ga watan Rajab

Zuwa ga Walid,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jikinka lafiya, kuma wasiƙata ta same ka. Direban da na ba ya rantse a hannunka ya sa ta.

Kullum in mun tashi daga rumfar nama, ina zuwa shagon Madam Viviane, mai gyaran kwamfuta a bayan babbar kasuwa. Na ba ta labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya ta daina. Ta ce manhajojin nan ba a ware suke ba, wata tana rataye da wata. Wai layukan da na gani sunayen duk abin da zai bi ta ne, kwamfutar tana gargaɗina. Nan take na gane. Kamar ka ja hanji ne da ganganci, kayan ciki duka su biyo hannunka.

Ta ba ni wata tsohuwa mai fasasshen gefe ina koyo a kai. In sa, in cire, in sa, in cire. Ba ta yarda in danna komai sai na karanta mata kowane layi da bakina. Yaran shagon suna kirana ɗan ajin farko, ni da gemuna. Ban rama ba. Ka ji abin mamaki, wata guda ban tsokani kowa ba, har Inna ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Madam ta ce cire manhaja ba ya taɓa takardun mutum. Memuwar ɗinka tana nan ciki, ƙofar ce kawai na ɓalle. Goggo ta ce wani mai gyara a unguwar Dougoï ya ce sai ya goge komai ya sa sabo. Kada ka yarda. Ka aiko mini da ita.

Jiya na je bakin kogin Binuwai inda muke zama da yamma. Na ga wani mai babur ya faɗa kwata da buhun albasa, na juya in nuna maka. Na daɗe a wurin, sannan na dawo gida.

Naka,
Salim

Garwa, 12 ga watan Sha'aban

Ɗan'uwana Walid,

Ina gaishe ka, ina gaishe da abokan karatunka. Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya.

Kwamfuta ta iso ranar Talata. Na zazzage jakar sau biyu, har aljihun gefe, ban ga takarda ba. Saƙonka ta bakin Goggo ya zo: a gyara, kuma a cire duk abin da ba na karatu ba. Na ji.

Kwana biyu muka yi a kanta. Da ta buɗe, ga memuwar ɗinka, shafi tamanin da ɗaya, ba abin da ya taɓa ta. Madam ta kwafe maka ita a kile, ɗan filashin nan, yana cikin aljihun jaka. Ban gane ko shafi ɗaya ba, amma na ga sunanka a farko da manyan baƙaƙe.

Sannan na shiga cirewa, da hannuna. Wasan ƙwallon da nake cin ka huɗu da nema ya tafi. Kyanwar nan da na sa ka saka, mai bin kibiya a allo, ta tafi. Baƙaƙen Larabci da ka sa mini don in riƙa rubuta ajami, su ma. A kansu na fi daɗewa, har Madam ta tambaya ko layin ne ya gagare ni. Na share har guntattakin da suka bari a baya. Yanzu tana gudu kamar sabuwa, ba abin da zai ba ka kunya gaban malamai.

Abu ɗaya ya rage. In ka kunna ta, za ka ga suna biyu a ƙofar shiga, naka da nawa, wanda ka buɗe mini bara. Shi ma ba na karatu ba ne, na sani. Madam ta nuna mini yadda ake cire shi, layi ɗaya ne tak. Na buga shi sau uku ina gogewa.

Na kwafe maka layin a bayan wannan takarda, baƙi bayan baƙi, Madam ta duba ta ce daidai ne. Ba zai ja komai ya tafi da shi ba, na tabbatar. In kana so a cire, ka buga da hannunka.

Allah ya ba ka sa'a ranar da za ka tsaya gabansu.

Ɗan kawunka,
Salim Ishaku