Ƙafar da Aka Ɗaure a Jikin Mota

Zango, Damagaram, Janairu 1960

Zuwa ga aminina Muntari mai mota, a Fagge, Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Binta da yara. Mu nan sai godiya, gyaɗa ta yi kyau, garaji ya cika da kamyo, manyan motocin kaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Mushe Lafon, Bafaranshen nan mai garajinmu, zai koma ƙasarsu in an ba mu mulkin kai, kuma zai naɗa shef, wato shugaba, na ɓangaren kuran, wutar mota ke nan, kafin ya tafi. Ni da na tsufa ina shaƙar ruwan batir, wai Suma'ila yake so ya ɗora a kaina. Suma'ilan nan fa ɗan kawuna, wanda na ɗauko daga Mirriya ko sifana bai iya riƙewa ba. Don ya ɗan yi lakwal, boko ke nan, yanzu sai ya tsuguna ya zana kibiya a ƙasa, yana koya mana wai kuran daga ƙafar fulis ta batir, mai alamar tarawa, yake fita, ya zaga waya, ya dawo ta ƙafar muwan, mai alamar ɗebewa. Mushe kuwa ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wallahi raina ɓaci yake.

Na tuna abin da ka nuna mini a tashar Kano. Motocinmu na Faransa muwan ake ɗaurewa a jikin mota, naku na Ingila kuwa fulis. Mu nan ba mai duba alama, datti ya cinye ta. Ƙafar da muka ga an ɗaure a jiki, ita ce muwan, shi ke nan. Ban gaya wa kowa abin da ka koya mini ba. In za ka aiko tsohuwar motar nan taka mai raunin batir ɗaukar gyaɗa, ka ce direbanta ya biyo ta garajinmu.

A gaida mutanen gida.
Naka, Alkasum

Zango, Fabrairu 1960

Aminina Muntari,

Ina gaisuwa, ya gida, ya kasuwa? Motarka ta iso, ta kuma mutu a ƙofarmu yadda na zata.

Sai da aka jawo kamyon Faransa don a ba ta kuran daga batirinsa. Mushe na tsaye, Suma'ila ya yi wuf ya karɓi aikin. Ni da hannuna na miƙa masa wayoyin. Ya leƙa, ya ga ƙafar da aka ɗaure a jikin mota, ya ce ga muwan nan. Har ya ce mini, Yaya ka matsa kada tartsatsi ya same ka. Na matsa.

Da ya ɗora waya ta biyu, kuran batir biyu ya haɗu ta baibai. Batirinka ya fashe, ruwansa ya wanke masa fuska. Ihun da ya yi, har masu awon gyaɗa sun ji. Ni kunya kawai na so ya sha a gaban Mushe, amma Allah ya ba ni fiye da abin da na roƙa. Ni na fara rugawa na kawo ruwa, kowa yana ta yaba mini. Matarsa Sakina ta zo asibiti ta durƙusa tana yi mini godiya.

An sa wa motarka sabon batir, tana hanya.

Naka, Alkasum

Zango, Agusta 1960

Muntari,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi shiru tun damina ba ta faɗi ba, lafiya dai?

An ba mu ƙasarmu, an kwana ana kiɗa a Birni. Mushe ya tafi, ni ne shef.

Suma'ila bai ƙara gani ba. Kullum sai ya lallaɓo da sanda ya zauna gindin dogon yaron garaji, yana shafa tsofaffin batir. Jiya wata motar Ingila ta shigo, ya roƙa a kai shi kusa. Ya lalluba, ya lalluba, sai ya ƙwala mini kira. Ashe da yatsa ya gane ƙafar fulis ta fi kauri, ga ta kuma ɗaure a jikin mota. Ya kamo hannuna ya ɗora a kai, yana cewa in kiyaye, kada abin da ya same shi ya same ni. Na yi masa godiya, na sa aka sayo masa fura. Abin da ke ba ni haushi, har yanzu Yaya yake ce mini.

Yanzu tambaya ɗaya ta hana shi sukuni: shin mutanen Kano sun san da wannan, kuma me ya sa ba wanda ya taɓa gaya wa wani a nan? Sakina ta sayar da awakinta, za ta kai shi wajen likitan ido a Kano, kuma na ce su sauka gidanka, tunda kai ne amininmu. Zai tambaye ka. Kafin ka buɗe baki, ka tuna motarka ce, kuma ka san dalilin da ya sa ka aiko ta.

Ku kula da shi sosai. Ka ce wa Binta yana son miyar kuka.

Naka har kullum,
Alkasum, shef na kuran