Zuwa ga Idris, a kan tafiyar Sakina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa zuwa ga ƙanina, Dakta Idris, daga yayanka Abakar mai ƙanƙara na Umdurman. Ba zan tambaye ka lafiya ba, tunda inda kake ba a amsawa.

Bayan haka, ina sanar da kai mun yi maka zaman makoki. Mun kafa siwan, babbar rumfar makoki, a bakin titi, ta tare layinmu gaba ɗaya. An yi maka sallar ga'ib, tunda a can ƙasar sanyi aka binne ka. Mutane na zuwa suna ɗaga hannu da fatiha, in miƙe in ɗaga, in koma in zauna. Shayi bai yanke ba. Ruwan sanyi kuwa, ka san gidan wa aka zo. Har aka naɗe rumfar ban yi kuka ba, har yau ma. Ina ci, ina barci, ina zuwa wurin injina. Kamar an yi mini allurar cire haƙori a jiki duka.

Ban taɓa gane aikinka ba, kuma ban ji kunyar haka ba. Ni a sakandare na tsaya, na kama tura ƙanƙara a baro har na kafa injin kaina, babu wanda ya ɗora ni. Abin da na riƙe shi ne wanda ka faɗa mini a mota, muna dawowa daga madatsar ruwa ta Jabal Awliya da bokitan kwaɗi. Ka ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana, kowace da fatarta siririya, a jikin fatar akwai ƙofofin da gishiri ke shiga yana fita. Buɗewarsu da rufewarsu ke sa zuciya ta buga. A ƙwan kwaɗo kake auna su. Ranar masunta sun sha dariya: ga kifi tuli, mu kwaɗi muka zo saye.

Inna har ta rasu Daktan Kwaɗi take ce maka. "Dakta ne fa, amma ko ciwon kai bai iya ba."

A farkon mulkin soja wuta ba ta zama a jami'a. Ni da kaina nake kawo maka ƙanƙara cikin buhu da garin katako, don kada kayan gwajinka su lalace. Ranar da aka sallame ku, kai da wasu malamai, ba tare da an faɗi laifinku ba, na zo da ita kamar kullum. Na tarar da kai a bakin ƙofa da littattafai a kwali. Ka dubi buhun ka ce, "Yaya, kai ta unguwar Mayo, ba a rasa masu biki." Na kai. Kafin damina ka bar ƙasar.

A wurin makokin wata likitar yara ta aiko a kira ni ɓangaren mata. Ta ce ɗalibarka ce. Ta ce akwai yaran da ke yanke jiki su faɗi suna cikin wasa, a ce iska ce ko farfaɗiya, alhali irin ƙofofin nan ne a zuciyarsu ba sa aiki daidai. Aikinka, in ji ta, yana cikin abin da ya sa likitoci suka gane haka. Yanzu sun san maganin da za su ba yaro, da wanda idan aka ba shi zai tafi. A hannunta kaɗai akwai waɗanda suka girma har sun yi aure. Tana faɗa tana hawaye. Na ce Allah ya saka, na tambaye ta ko an kawo mata abinci.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Sakina, 'yata da ka bari a goye, ta gama karatun harhaɗa magani. Tsohuwar da kuka yi aiki tare a can ƙasar sanyin ta bugo waya, ta ce akwai gurbi a ɗakin bincikenku idan za ta zo. Uwarta ta ce ba da ita ba: mun ba su ɗaya, ko a makara ba su dawo mana da shi ba. Danginmu na Hilla Kuku sun goyi bayanta. Ni kuma na riga na gina wa yarinyar kantin magani kusa da injina, da sunanta a allo, ni na zaɓi fentin. Ita ba ta roƙe ni ba. Sai ta ajiye mini shayi ta ce, "Yaba, sai abin da ka ce."

Da na hana, babu mai ganin laifina. Na yi ta jiran wani abu ya taso mini a rai, tsoro ko fushi, ya yanke mini maganar. Bai zo ba. Yaran likitar nan kawai ke faɗo mini, ni da ban san fuskar ko ɗaya ba. Na kira ta na ce ta tafi.

Uwarta ta daina yi mini magana. Kantin na sa masa kwaɗo, makullin na aljihuna. Jibi zan kai ta filin jirgi.

Idirisuna, abu ɗaya na sa ta. Idan ta sauka ta nemi kabarinka, ta yayyafa masa ruwa kamar yadda muke yi wa na Inna, ta duba ko sun fuskantar da kai alƙibla. Na ce idan ba su yi daidai ba, kada ta gaya mini.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka makwanci, ya sa yaran da ba ka sani ba su zama shaidunka. Ya kai Sakina lafiya, ya dawo mini da ita da ƙafarta.

Yayanka,
Abakar