Kafaɗar Baba

Dogon Dutsi, daren Laraba, ƙarshen kaka, 1962

Yau na gama mutum-mutumin da nake haɗawa da wayar keke, sakaina da gwangwanin madara. Na tsai da shi gindin rumbu, hauya a hannu.

Da la'asar Goggo, ƙanwar marigayi Baba, ta shigo a fusace. An gaya mata wai na kafa wa iskoki gunki.

"Ɗan nan, hidda abin ga ko in ƙone shi!"

Ta zagaya shi, sai ta tsaya cik tana duban kafaɗar hagu, wadda na karkatar kamar yadda noma ya karkatar da ta Baba.

Can ta tuɓe mayafinta, ta yafa masa.

"Yayana bai son raɓa," ta ce.

Na leƙa yanzu, mayafin na nan.