Wankin Ranar Annabi Iliya

Laraba, 2 ga Agusta
Ranar Annabi Iliya, jar rana a kalandar coci, ba a aiki. Tun safe garinmu Pirot ya yi tsit, ba ƙarar injin wanki, ba mai buga ko ƙusa. Da la'asar hadari ya taso ta bayan dutse, tsawa har tagogi na rawa. Sai na tsinci kaina ina bin ɗaki-ɗaki ina zare fulogi, firji, talabijin, rediyo. Aikin matata Lepa ne wannan. Da tana raye da tuni ta riga ni, tana gudu da silifa ƙafa ɗaya tana ihu, "Budimir, kai ne mai gyaran wuta, amma ni ce mai hankali!" Gidan nan ba daɗi tun da surutunta ya ɗauke.

Alhamis, 3 ga Agusta
Maƙwabciyata Stamena ta buga min ƙofa, idonta jawur. Injin busar da kayanta ya mutu jiya. Na ɗauki jaka na bi ta. Hawa huɗu, ba lif, sai da na tsaya sau biyu ina ƙaryar ɗaure takalmi.

Mijinta Zhivadin na kwance inda ya saba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da a masana'antar taya yake ɗaga abin da mutum biyu ke kasawa! Da ya gan ni bakinsa ya karkace, da ƙyar ya ce, "Ga ɓata-gyara nan." Alhamdu, bakin dai bai mutu ba.

A kicin ta faɗa min, murya ƙasa-ƙasa. Jiya ya ɓata shimfiɗa har zanin gado ya ƙare, sai ta yi wanki, ta zuba a injin busarwa. Yana cikin juyawa aradu ta faɗo. "Budo, tun da uwata ta haife ni ban taɓa wanki a jar rana ba. Iliya mai aradu ya gan ni. Wannan karon inji ya ɗauka, wani karon fa?" Ta kalli ƙofar ɗakin mijinta.

Na ce, "Haba Stamena! Duk ɓarayin ƙasar nan Iliya ya tsallake su, sai zanin gadonki ya biyo?" Ko murmushi ba ta yi ba. Wai kar ma in taɓa injin, a bar shi yadda aka hukunta shi.

To ga inda matsalar take. Kafaɗarta ba ta ɗaga jiƙaƙƙen zani, igiyar shanya kuma tana can tsakar gida, ƙasa. Ɗansu Milutin ya riga ya ce ranar da ta kasa, zai kai ubansa gidan tsofaffi a birnin Nish. Yana zuwa ranar sha uku. In ya tarar da gida na wari, shi ke nan.

Juma'a, 4 ga Agusta
Na koma ba tare da na nemi izini ba. Soket da wuta. Waya lafiya. Makunnin ƙofa lafiya. Amma fuskar injin duhu, ko ƙyaftawa. Ina ɗage murfi warin ya buge ni, warin nan da hancina ya sani tun ina saurayi. Na zaro fanel, koren allon nan da suka cusa wa duk hankalin injin. Shuɗin ɗan faifan da ke tare ƙarfin wuta ya fashe, ya yi iya yinsa, talaka. Na kusa da shi ya zama gawayi. Sai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu sirara kamar gashin ido, bayansa ya tsage. Na sa mita na bi sauran, duk da rai.

Na nuna mata. "Ga Iliyanki nan, bai kai ƙwayar wake ba." Ta yi alamar gicciye ta ce in iya bakina.

Injinan da can ba haka suke ba. Maɓalli ɗaya ka murɗa, yana tik-tik kamar agogo, in ya lalace kunnenka ne zai gaya maka inda yake ciwo. Lokacin da ake ɗauke mana wuta a dawo da ita kamar mahaukaciya, su ko a jikinsu. Na yanzu atishawa wutar za ta yi su suma.

Asabar, 5 ga Agusta
Mai shago ya ce an daina yin irin fanel ɗin. Ƙananan kayan kuma sai daga Nish, direban bas zai taho da su Litinin.

Lahadi, 6 ga Agusta
Na sauko mata da kwandon wankin da ta yi jiya, na shanya da kaina. Ni kaɗai a tsakar gidan. Da can wurin nan igiya bisa igiya ne, mata na ta gulma da maƙalan shanya a baki, Lepa a tsakiyarsu tana ba da hukunci kan kowa. Yanzu igiya ɗaya ta rage, ta yi tsatsa. Wata yarinya a hawa na biyu ta leƙo ta ce, "Kawu Budo, an yi sabon aure ne?" Na ce ta je ta tambayi uwarta wa ya gyara mata firji kyauta.

Gwiwata ta kumbura. Wannan hawa da sauka ba zai ɗore ba, ni ma na sani.

Litinin, 7 ga Agusta
Kaya sun iso. Na zauna a teburina, na kunna fitila, na ɗora gilashi kan gilashi. Manyan biyun na liƙa su, ba kyau, amma sun zauna. Sai ɗan baƙin.

Bakin ƙarfen dalma ya ƙi tsayawa. Rawa yake. Na dafe hannun da ɗaya hannun, duka biyun suka kama rawa tare. Saura ƙiris in ƙone layin tagullar da ke kan allon, in kashe shi gaba ɗaya. Na ajiye. Kofi ne, na sha da yawa.

Talata, 8 ga Agusta
Yau ban sha kofi ba. Hannun haka dai yake.

Na ce wa Stamena ba daidai kayan suka aiko ba.

Alhamis, 10 ga Agusta
Na kai mata busassun zannuwa. Ta kawo min ruwan sanyi da cokalin ceri dafaffe da sukari kamar kullum. Ina ɗaukar cokalin ya shiga buga gefen kofi, kar-kar-kar, kowa na ji. Ta kawar da kai, ta yi kamar tana neman wani abu a taga. Daga ɗaki Zhivadin ya ce, "Ƙararrawar coci ce?" Tsinannen tsoho. Na yi dariya, amma raina ya ɓaci sosai, har gida.

Abin da na gani dai shi ne, tana zaune tana zura zare a allura ba gilashi, sau ɗaya tak. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a gaban masaƙar darduma. Hannunta ko motsi.

Juma'a, 11 ga Agusta
Na tafi da fanel da ƙarfen dalma na shimfiɗa a teburin kicinta. Na ce kayan daidai ne, hannuna ne ba daidai ba. Ban kalle ta ba da na faɗa.

Ta ce, "Ni? Abin da aka hukunta ni da shi ne zan gyara da hannuna? Budo, ka haukace."

Na ce to ta zaɓa, ko ta riƙe ƙarfen nan, ko jibi ta haɗa wa mijinta akwati. Na san na yi mata tsauri. Ta daɗe tana kallon kalandar cocin da ke jikin bango, ta tabbatar da baƙi aka rubuta yau, ba da ja ba. Sannan ta goge hannu da zaninta ta zauna.

Na ba ta wani mataccen allo ta fara koyo. "Taɓa ƙafar, ba dalmar ba. Jira ta narke. Ɗauke!" Na farko ya yi tudu, na biyu ya fi, na uku sai ga shi yana sheƙi, ya fi nawa na da can ma, amma wannan ban gaya mata ba. Da ta koma kan na gasken tana ta addu'a a ranta, leɓenta na motsi, ni kuma ina riƙe fitila. Aikina ke nan yanzu, riƙe fitila.

Na mayar, na ɗaure, na jona. Fuskar injin ta kawo haske, ganga ta fara juyawa. Stamena ta rufe baki da hannu biyu ta fashe da kuka. Zhivadin yana ta buga gefen gado da hannunsa mai lafiya.

Na sa mata abin tare ƙarfin wuta tsakanin soket da inji, na kuma ce kar ta dogara da shi. In aradu ta faɗo kusa, ba abin da ya kai zare fulogi.

Lahadi, 13 ga Agusta
Milutin ya zo. Ya shiga ɗakin ubansa yana baza hanci, ya ɗaga bargo, ya duba kabad, zannuwa a ninke. Ya ci tattasai cushe da nama har faranti biyu. Da zai tafi ya ce min, "Kawu Budo, na gode, hannunka har yanzu zinariya ne." Na buɗe baki, Stamena ta taka min ƙafa. Bai ambaci Nish ba.

Laraba, 16 ga Agusta
Ashe da saura. Asabar ma jar rana ce, kuma jikin Zhivadin bai san kalanda ba. Ta ce ita kam ba za ta sake ba, ko da zai kwana cikin jiƙa ne, gara hakan da Iliya ya ɗauke mata shi. Na yi mata bayanin wuta da tsawa har bakina ya bushe. Ta ce, "Kai ka san waya, ni na san abin da na gani."

Asabar, 19 ga Agusta
Na hau da sassafe na ce ta fita daga banɗakin. Ni zan yi wankin, yau da duk wata jar rana, Lahadi ma. Ita hannunta fes, in akwai laifi a rubuta da sunana, ai can sama sun daɗe da sanina.

Ta ce, "Ba ka tsoro?" Na ce tsoron me, ni da na yi rayuwata cikin wuta.

Ta tafi coci da kwandon inabinta a sa masa albarka. Na wanke, na zuba a injin. Kafin in danna sai da na je taga na leƙa sama, gabas da yamma. Gajimare kawai nake dubawa.

Zhivadin ya gan ni ta ƙofa. Ya ce ba zai gaya wa kowa ba.