Murhun Dada Bai Shiga Lissafi Ba

Daudawa, ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Mas'udu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da karatu da sanyin ƙasar mutane. Allah ya ƙara basira, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kowa ƙalau, Hussaina ta sauka, an samu mace. Ni ce dai hankalina ya ƙi kwanciya, kuma kai ne sanadi.

Maganar ɗakin irin nan ne da ka zana mana. Kawu Gide ya gina shi yadda ka ce, bangon ƙasa mai kaurin kamu guda, da tagogi biyu a sama, muka zuba irin waken suya buhu tara. Ban manta bayanin da ka cika mini kunne da shi ba: wai kwamfutarka tana yanka bangon gunduwa-gunduwa, ta yanka yini minti-minti, tana bin zafi daga iska zuwa cikin ƙasa taki bayan taki. Ka ce zafin azahar ba zai ratso ciki ba sai rana ta faɗi, lokacin iska mai sanyi ta shigo ta kwashe shi. To malam, ma'aunin zafin da ka aiko bai ji wannan karatun ba. Tun da hantsi yake hawa, kafin la'asar ya wuce abin da ka rubuta da digiri shida. Sati biyu ina zagaya ɗakin nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Jiya na jiƙa ƙwaya ashirin don gwaji, don cikin ashirin ɗin da na jiƙa kwanan baya goma sha uku kawai suka tsiro, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekaranjiya na dafa bangon arewa daga ciki, na ji shi da ɗumi kamar bayan tukunya. Ina zagayawa sai ga mahaifiyarmu Dada ta kafa murhunta a gindinsa, wuta na ci tun daga kokon safe har tuwon yamma. Na yi mata bayani, ta ce wuta tana waje iri yana ciki, me ya haɗa kifi da kaska. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Sai ta ce ita ba za ta tashi ba, nan take jin daɗin zama, don bangon aikin Mas'udu ne. Wallahi kunya ta kama ni.

Ka tambaye ni kaurin bango, da inda rana ke fitowa, da ƙarfin iska, har launin ƙasa ka tambaya. Mahaifiyarka ce kawai ba ka tambaya ba, kuma wata biyu ke nan ba ta ji muryarka ba. Don Allah ka saka murhun a lissafin, ka gaya mini kwana nawa irin zai iya jurewa, ko in kwashe shi zuwa rumbun Yankara kafin Juma'a. Amma kafin ka taɓa kwamfutar, ka kira ta. Ni ta ƙi jin tawa, kuma ba wutar girki take tsaro a wurin ba.

Kawu Gide da Hussaina da Nana Aisha suna gaishe ka. Ka gaida abokin zamanka Uwais. Dada ba ta ba da saƙo ba, ta ce in da rabo za ta faɗa da bakinta.

Yayarka mai jiran amsa,
Zulaihatu